Kala Goma Sha Ɗaya a Bangon Nusaiba

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina shafa fenti a ƙasar nan, goma sha biyu a Birmingham, sauran a Manchester, amma har yau in na ce wa yaranmu da aka haifa a nan fenti sana'a ce, sai su yi murmushi. Wani ɗan abokina da ke jami'a ya taɓa ce min, "Baba Ilu, ai minti goma na kalla a waya, na yi ɗakina da kaina." Na je na ga ɗakin. Ya shafe makunnin wuta, ya shafe hannun ƙofa, gashin buroshi kuwa a bango kamar an yi aski a wurin. Ban ce masa komai ba, don uwarsa ta riga ta kawo min shayi. To ku da kuke ganin abin bai wuce gwangwani da rola ba, bari in ba ku labarin wani ɗan ƙaramin ɗaki, taku huɗu ne tsawonsa, faɗinsa uku, wanda ya ci min sati uku har ya kai ni gaban likitan ido.

Amma sai kun san inda na koyi aikin tukuna. Karatun akanta ya kawo ni Birmingham, karatun bai yiwu ba, sai na faɗa hannun wani tsoho ɗan Jamaika a Sparkhill, Mista Winston. Ranar farko ya miƙo min sanfefa da wuƙar kankare bango. Wata takwas ban taɓa buroshi ba sai in zan wanke masa. Ni ne goge bango, ni ne cike ramuka da foti, ni ne ɗaga takardar bango da aka liƙa tun kafin a haife ni. In na gama sai ya zo ya rufe ido, ya bi bangon da tafin hannu, in ya ji tudu ko ɗaya sai ya ce a sake. Buroshinsa uku ne na yankan layi, kowanne yana naɗe shi a takarda bayan an wanke, don kada gashin ya buɗe. Biyu daga cikinsu suna motata har yanzu. Kuma yana da wata al'ada: duk ɗakin da muka shiga, kafin a buɗe gwangwani sai ya ciro makullin motarsa ya karce bango a wani lungu, ya ga kala nawa ke ƙasa. Tsofaffin gidajen bayan Stratford Road za ka iya samun shafi bakwai, wani kan wani.

A hannunsa na fara jin wai kala tana da mace da namiji. Mun je yin ɗakin jariri, na ɗauko gwangwanin ruwan hoda don shi ya fi kusa da ni, sai matar gidan ta dafe ƙirji kamar na ɗauko wuƙa. Mista Winston ya ja ni waje ya yi min bayani: ruwan hoda na 'ya mace ne, shuɗi na ɗa namiji. Na ce wa ya raba musu? Ya ce shi ma bai sani ba, in ɗauko shuɗin kawai. Mu a Gwammaja, can Kano, jariri ba shi da ɗaki, gefen uwarsa yake kwana, kuma duk abin da 'yan barka suka kawo shi ake sa masa. Ƙanena Sabi'u a shawul ruwan hoda aka yi sunansa, ga shi yau direban tirela ne. Amma aiki aiki ne. Na saba, na yi shekara ashirin da ɗoriya ina shafa wa mata tasu, maza tasu, ban ƙara tambaya ba.

Sai shekarar kulle ta zo, lokacin korona. Ba mai yarda ka shiga masa gida, ni ma ba na son shiga. Wata da watanni motar aikina tana tsaye a bakin titi a Longsight. Da sanyi ya shigo na manta da gwangwanaye a cikinta, fentin ya daskare, da ya narke ya zama kamar kindirmon da ya tsinke, duka sai da na kai juji. Masallaci a rufe, ba suna, ba biki, in an yi rasuwa mutum kaɗan ke zuwa, wani lokaci sai bayan wata uku ka ji. A wurin taro kuwa nake samun aiki, don ni ban taɓa buga talla ba, bakin mutane ne tallana. Da aka buɗe gari rabin masu kirana sun koyi yi da kansu daga waya, ragowar sun sami wasu. Saboda haka da wani injiniya ɗan Kaduna mai suna Faruƙ ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce yana da ɗakin jariri, ban bari ya gama magana ba na ce ina zuwa Litinin.

Gidan irin na jere ne, bango ɗaya da maƙwabta, ɗakin kuma na baya ne a sama. Tagarsa ɗaya, tana kallon arewa, ba abin da ake hangowa sai jan bulon gidan baya da sararin Manchester mai kama da toka. Bangon fari ne, sumul, ba tsaga. Akwai hitar ƙarfe mai ɗumama ɗaki da ruwan zafi a ƙarƙashin taga da wani kabad da aka gina cikin bango. Na duba na ce a raina kwana biyu ne. Makullin motata yana aljihuna, ban ciro shi ba.

Matarsa Nusaiba ta hawo a hankali tana dafa bango, cikinta ya kai wata bakwai. A Perry Barr aka haife ta, a kantin magani take aiki, Hausarta tana tafiya ne tana jingina da Turanci. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta tsaya.

"Kawu, sannu da zuwa. Mu ba ma so mu san ko boy ne ko girl. Mun ce wa masu scan kar su faɗa mana. So muke a yi something neutral."

"'Yata, wace kala ce neutral?"

"Wadda ba ta mace ba, kuma ba ta namiji ba."

"To ai ga fari nan a bangon, sai in sabunta shi."

"A'a," ta ce da sauri. "Ban da fari. Fari kamar asibiti ne."

Na kalli Faruƙ, shi kuma yana kallon silin. Na ce to, zan kawo samfur.

Washegari na kawo ƙananan gwangwanaye uku, na shafa kowanne a bango kamar faɗin faranti: ruwan toka mai haske, kore mai sanyi irin na ganyen zogale da ya bushe, da ruwan ƙwai. Da suka bushe aka kira ta. Daga bakin ƙofa ta nuna ruwan tokar.

"Akwai blue a ciki."

Wannan ban yi musu ba. Tagar da ke kallon arewa haske mai sanyi take kawowa, ruwan toka kuwa in ya sha irin wannan haske yakan karkata zuwa shuɗi. Na ma yaba mata ido. Ta nuna koren, ta ce shi ma akwai. Nan ma na yarda, don kore ai da shuɗi ake haɗa shi. Sai ta nuna ruwan ƙwan.

"Shi ma, Kawu."

"'Yata, ruwan ƙwai fa. Babu inda ya haɗa hanya da shuɗi."

"Ina ganinsa."

Na koma kanti. Na kawo ruwan madara, na kawo ruwan ƙasa mai haske, na kawo wani kamar kunun gyaɗa wanda na sa aka ɗiga masa ja kaɗan a injin haɗi, don ja yana kashe sanyin haske. Wannan na ƙarshen ni kaina ya burge ni. Ta dube shi ta daɗe, har na fara murna, sai ta girgiza kai ta sauka ƙasa.

Cikin kwana goma bangon nan ya zama kamar zanen atamfa, kala goma sha ɗaya. Na gwada da safe, na gwada da azahar, na canja ƙwan fitilar ɗakin zuwa mai ɗumi. Na shafa ruwan goro, wanda ko makaho ya san ba shuɗi ba ne, ta ce a gefensa take gani. Uwarta ta leƙo ta waya daga Birmingham ta ce ruwan ƙwai ai na mata ne, ruwan ƙasa kuma na maza, ta ƙara rikita ni, don ni a sanina biyu ne kawai aka raba. Na tambayi matar da ke haɗa fenti a kanti ko akwai wata kala da aka tabbatar ba ta kowa ba ce. Ta ɗauko min kati mai fari iri arba'in, kowanne da sunansa, ta ce in zaɓa.

A nan ne na fara zargin kaina. Na haura sittin. Na san masu fenti biyu da idonsu ya yi yana, suna ganin komai da ɗan rawaya-rawaya, ba su sani ba sai da mutane suka daina kiransu. Na ce ko yarinyar nan gaskiya take gani, ni ne na makance? In haka ne kuwa sana'a ta ƙare, don mai fentin da ba ya ganin shuɗi ba shi da maraba da telan da ba ya ganin zare. Ban gaya wa kowa ba na shiga wurin masu gwajin ido a Stockport Road. Aka buɗe min wani littafi mai ɗige-ɗige, lambobi a ɓoye cikin kaloli, na karanta su duka. Aka haska min fitila, aka hura min iska a ido. Likitar ta ce idona ya fi na wasu 'yan arba'in, gilashin karatu kawai nake bukata. Na fito na tsaya a tashar bas na rasa murna zan yi ko me. In idona lafiya, idonta ma lafiya, to me ke jikin bangon nan?

Na yi niyyar in ce su nemi wani. Abin da ya hana ni, garin nan Hausawanmu ba su da yawa, in aka ce Baba Ilu ya kasa ɗakin jariri, kafin Juma'a labarin ya kai Birmingham. Ga shi kuma lokaci yana tafiya, don ana so warin fenti ya fita sarai kafin a kawo jariri. Faruƙ ne ya raba gardamar. Ya same ni a mota ya ce, "Baba, don Allah ka zaɓi ko wacce ka shafa. Za ta haƙura." Fuskarsa kamar wanda bai ci abinci ba kwana biyu. Na ce to, kunun gyaɗan nan zan yi.

Ranar da na fara shiri su biyun sun tafi aiki, sun bar min makulli. Na shimfiɗa ƙyallaye a ƙasa, na rufe bututun hitar, na tara ruwanta a bokiti, na ɗaga ta daga maƙalinta don in shafa bayanta. Masu koyo a waya ba sa cire hita, rola suke zurawa iya inda ta kai. Da na jingine ta gefe na juyo, sai ga bangon bayanta shuɗi. Ba mai haske ba, shuɗi sosai, irin na sararin Kano bayan an ɗauke ruwa. An bi gefen hitar da farin fenti an bar tsakiyar.

Sai a lokacin na ciro makullin mota na karce bangon a lungu. Farin bai fi kaurin fatar albasa ba, irin fentin nan ne mai araha mai ruwa-ruwa, shafi biyu. Ƙarƙashinsa shuɗi. Na karce ɗaya bangon, shuɗi. Na buɗe kabad ɗin na cire allunansa, can ciki ta sama ga wani wuri kamar faɗin tafin hannu biyu da rola ba ta kai ba, shuɗi, da taurari farare guda uku da aka zana da ƙaramin buroshi. Hannun wanda ya zana ba na mai sana'a ba ne, amma an natsu an yi su.

Na zauna a kan tsanina. Kwana goma ina shafa samfur siriri a kan fari siriri a kan shuɗi mai ƙarfi, ina ɗora wa taga laifi. Karce bango kuwa shi ne abin da ake koya wa mutum a satinsa na farko.

Faruƙ ya dawo da azahar ya kawo min abinci. Ya shigo ya ga hita a ƙasa, ya ga bangon, sai ya ajiye ledar a kan taga.

"Injiniya, me ya sa ba ka gaya min akwai shuɗi a ƙasa ba?"

"Na ɗauka ya rufu, Baba."

"Waye ya shafa farin?"

"Ni ne. Rana ɗaya na yi shi." Ya goge fuskarsa da hannu. "Mun taɓa haihuwa, a shekarar kulle. Namiji. Tun yana wata biyar a ciki muka sani, muka yi masa ɗakin nan ni da ita. Kwanansa huɗu a asibiti, bai zo gida ba. Kafin a sallamo ta na zo na shafe."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya sa mai ceto ne. Ya ce amin. Ban taɓa ji ba, kuma da yawa a masallaci ba su ji ba, don lokacin ba a taruwa. Ya ce tun ranar ba ta ƙara taka cikin ɗakin ba, kuma su biyun ba su taɓa maganar bangon ba. Ita tana ganin ya yi ƙoƙari ya rufe, ba ta so ta ce masa bai rufu ba. Shi kuma yana ganin in ya ambata zai tayar mata da abin.

Na ce masa ya ba ni kwana huɗu. Na goge bangon nan gaba ɗaya da sanfefa, samfur goma sha ɗayan duka suka tafi, na wanke, na bari ya bushe. Na sayo fentin toshewa, wanda ake sa wa bangon da hayaƙi ko ruwa ya ɓata, mai kauri, wanda ba abin da ke ratsa shi. Shafi biyu, kowanne da kwana guda a tsakani, har bayan hita, har saman ƙofa inda ba mai gani. Kabad ɗin na bari sai ƙarshe don wurin matsattse ne. Sannan na ɗauko gwangwanin kunun gyaɗan nan, shi dai wanda ta ƙi, ban ƙara masa ko ɗigo ba, na shafa faɗin faranti. Da yamma Nusaiba ta dawo daga aiki aka kira ta.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta duba. Sai ta tako ta shigo har tsakiyar ɗaki.

"Wannan ce, Kawu. Wace kala ce wannan?"

"Ta shida ce, 'yata. Wadda kika ce a'a ranar Alhamis."

"Ba ita ba ce."

Na nuna mata gwangwanin. Ta ce ita dai ba ita ba ce. To ni har yau ban san gaskiyar abin ba. Na san shuɗi mai ƙarfi yana iya huda fari mai araha, wannan a aikace yake. Amma ni na tsaya a gaban bangon nan kwana goma da idon da likita ta yaba, ban gani ba. Ko idonta ne ya gani, ko sanin da ta yi yana wurin ne, ko kuma Faruƙ ya yi mata magana a cikin kwana huɗun nan, ban tambaya ba, ba a kuma gaya min ba.

Washegari Asabar, na tsoma buroshi a fentin toshewa zan shiga kabad, sai na ji ta a bayana.

"Kawu, tsaya."

Ta matso ta leƙa ciki. Ashe ba ta san wurin ya tsira ba. Ta ɗaga hannu ta taɓa taurarin ɗaya bayan ɗaya.

"Ka bar wannan."

"'Yata, shuɗi ne fa."

"Na sani. Ka bar shi."

Sati uku muna gudun kalar nan, na kankare ɗaki guda saboda ita, yanzu kuma a bar ta. Ban gane ba, amma ba a kira ni don in gane ba. Na sauka mota na ɗauko ƙaramin buroshin Mista Winston, na zagaye wurin da hannu, ba tef, na yanke masa layi huɗu ya zama kamar hoto a bango. Na mayar da alluna, na ɗaura hita, na buɗe taga don wari ya fita.

Bayan sati shida Faruƙ ya kira ni ya ce an sauka lafiya, mace aka samu. Kwana kaɗan bayan suna na koma, don masu kawo gadon jariri sun gogi bango a kusa da ƙofa, na kuma yi alkawarin gyarawa. Mahaifiyar Faruƙ ta zo daga Kaduna don wankan jego, dattijuwa mai ido a kan komai. Ina durƙushe ina shafa wurin, Nusaiba tana zaune a kujera da jaririyar a kafaɗa, sai Hajiya ta buɗe kabad za ta ɗauko tawul.

"Malam mai fenti, zo ka gani. Ka bar aiki a baya."

Na miƙe na leƙa kamar ban san wurin ba.

"An ce min kai ne gwanin garin nan," ta ce. "Ga wuri guda ka tsallake, har da zane-zanen masu gidan na da."

Na dubi Nusaiba. Ta daina jijjiga yarinyar.

"Haka ne, Hajiya. Mantuwa ce, tsufa ya zo."

"To tunda ga ka ga buroshi, ai sai ka shafe."

"Fentin ba zai isa ba, Hajiya."

Ta leƙa gwangwanin, ta dube ni, ta ce Allah ya kyauta, masu aikin ƙasar nan duk halinsu ɗaya. Na ce amin. Na danne murfin da tafin hannu, da fiye da rabi a ciki, na yi musu sallama na sauko.